Farantin kaka mai tambarin sarkin Sin a gindi: na Ming ne da gaske?

"Assalamu alaikum Malam. Kakarmu ta rasu ta bar wani babban farantin tangaran, fari mai zanen furanni shuɗaye. Mun taso mun gan shi a cikin kabad ɗinta, ana cewa daga Makka ta zo da shi lokacin da suka yi aikin Hajji ta ƙasa, ta hanyar Sudan, wajen 1950 da 'yan kai. A gindinsa akwai rubutun Sinanci guda shida a cikin da'ira biyu. Ƙanen mijina da ke zuwa Guangzhou saro kaya ya haska rubutun da wayarsa, ta fassara cewa an yi shi a zamanin sarki Chenghua na daular Ming. Yanzu wani dillali ya taya naira dubu 300. Da gaske na Ming ne? In sayar ko in riƙe? Kuma ni abin ya fara shiga raina, ta ina mutum zai fara tara irin waɗannan kaya?" Daga wata mai karatu a Zariya.

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya jiƙan kaka, ya kai haske kabarinta. Duk tambayarki ta rataya a kan abu guda: shin rubutun nan shida ya isa shaida cewa farantin ya haura shekara ɗari biyar? Bai isa ba. Wayar ba ta yi ƙarya ba, abin da aka rubuta ke nan. Sai dai mu masu wannan harka tambarin gindi shi ne abu na ƙarshe da muke dubawa, kuma a cikin tamburan sarakunan Sin da wuya a sami wanda aka kwaikwaya kamar na Chenghua. Kada kuma ki ji haka ki ɗauka farantin banza ne. Tsakanin kayan fadar Ming da jabun jiya akwai ƙarni huɗu na tangaran mai kyau, kuma a wannan tsakiyar nake kyautata zaton naki yake.

Yadda ake yin sa da yadda ya kai Makka

Tangaran na gaske haɗin abu biyu ne: farin yumɓu, irin wanda ake haƙa a wajen Ƙanƙara a jihar Katsina, da wani dutse da ake niƙawa ya zama gari. Ana gasa shi a wuta mai zafin kusan digiri 1300, har jikin ya narke ya haɗe, ya daina shan ruwa. Shuɗin da kike gani daga ma'adinin kobal yake. Ana zana shi da buroshi a kan ɗanyen faranti, a tsoma shi cikin ruwan gilashi, sannan a gasa sau ɗaya. Shi ya sa zanen yake ƙarƙashin gilashin, ba ya koɗewa komai daɗewa. Faranti mai shekara ɗari shida yana iya fitowa fes kamar na bara, abin da ke rikita sabon shiga ke nan.

Cibiyar wannan sana'a garin Jingdezhen ne a lardin Jiangxi, wanda ya sami sunansa tun 1004. Fari da shuɗi ya kankama a zamanin daular Yuan ta Mongol. Akwai wasu dogayen tuluna biyu a gidan tarihin Birtaniya da ke Landan da aka rubuta shekarar 1351 a wuyansu, da su masana ke auna sauran kayan wancan zamani. Abin da ba kowa ya sani ba, tun daga farko Musulmi suna cikin manyan masu sayen wannan kaya. Kobal ɗin farko daga Iran ake kai shi. Manyan faranta kuma domin kasuwar Musulmi aka fi yin su, don Basine da ƙaramin kwano yake cin abinci, mu ne ke zagaye babban faranti. A fadar Topkapi ta sarakunan Usmaniyya a Istanbul akwai tangaran ɗin Sin fiye da dubu goma. A zamanin sarki Zhengde, 1506 zuwa 1521, an yi kaya a matoyar fada da rubutun Larabci da Farisanci, saboda akwai manyan fadawa Musulmi. A ƙarshen ƙarni na 18 ma an riƙa yin kwanuka masu hatimi a tsakiya, ayoyi kewaye da shi, wasu rubutun a karkace domin mai zanen bai san Larabci ba, kwaikwayon siffar baƙaƙen kawai yake yi.

Saboda haka ba abin mamaki ba ne a ce alhajiya ta tsinci tangaran ɗin Sin a Jidda ko Makka ko Sawakin, tashar jiragen ruwa ta Sudan. Tambayar ita ce wane iri ne ya cika waɗannan kasuwanni a shekarun 1950. Mafi yawa kayan ƙarni na 19 ne da farkon na 20 daga Sin, sai na Japan, sai na Turai da ake bugawa da inji a Maastricht ta Holan da Staffordshire ta Ingila, wasu har da wata da tauraro don jawo hankalin Musulmi. Kwanukan ƙarfe masu fenti da iyayenmu ke jere da su kuwa wani babi ne daban: waɗannan ba tangaran ba ne, kuma da yawansu a nan Najeriya aka buga su, a masana'antun da 'yan kasuwar Hong Kong suka kakkafa tun wajen 1960.

Abin da tambarin yake faɗa

Ana karanta shi daga sama zuwa ƙasa, a fara da layin dama. Biyun farko sunan daula ne, biyun tsakiya sunan zamanin sarautar sarki, biyun ƙarshe suna nufin an yi shi a shekarun. Sa irin wannan tambari a kai a kai ya fara ne daga zamanin Xuande, 1426 zuwa 1435. Chenghua ya yi sarauta daga 1465 zuwa 1487, kuma Sinawa suna ganin tangaran ɗin fadarsa a matsayin ƙololuwa: siriri, shuɗinsa mai sanyi, gilashinsa mai laushi a hannu. Tun kafin daular Ming ta faɗi a 1644 magina suka fara sa sunansa a kan kayansu.

Wannan ba lallai ha'inci ba ne a wurinsu. Girmamawa ce ga magabata, wani lokaci kuma dabara ce. A 1677, zamanin sarki Kangxi, hakimin Jingdezhen ya hana sa sunan sarki mai ci a kan tangaran, don kada ya fashe a zubar da sunan sarki a juji. Sai magina suka koma barin da'ira biyun ba komai a ciki, ko su zana ganye, ko su sa sunan Chenghua. Ke nan farantin da aka yi wajen 1700 yana iya ɗaukar tambarin 1480, kuma tsohon kaya ne mai daraja a karan kansa. A ƙarshen ƙarni na 19, zamanin Guangxu, aka sake yin haka da yawa, wannan karon har da kwaikwayon kayan Kangxi ɗin. Yau ma ana yi. Tambari guda, ƙarni biyar, kowa na sa shi.

Akwai rubuce-rubucen da suke yanke magana nan take. In kika ga an rubuta CHINA da boko, an yi shi bayan 1890, lokacin da Amurka ta kafa dokar sai an rubuta ƙasar da kaya suka fito. Made in China kuma daga wajen 1920 ne zuwa sama. Jan tambarin da aka danna da roba maimakon a rubuta da buroshi galibi na ƙarni na 20 ne.

Yadda nake duba faranti

In aka miƙo mini faranti, kifa shi nake fara yi, in rufe tambarin da babban yatsa. Abin da nake nema shi ne zoben da farantin ke zama a kai, don nan ne kaɗai ba gilashi, nan ne yumɓun ke nuna kansa. Na Kangxi fari ne tas, a matse, yatsa na zamewa a kai. Kayan ƙarshen Ming da aka yi don fitarwa waje kuma sukan zo da yashin matoya maƙale a gindi, da 'yan layuka da suka taso daga tsakiya inda wuƙar magini ta riƙa tsalle, bakinsu kuma a ɗan ciccije inda gilashi ya ɓare. Sau da yawa akwai siririn layi ruwan tsatsa inda gilashi ya tsaya. Dattin shekaru yana shiga cikin yumɓun ne, ba daidai ko'ina ba. In na ga gindi ya yi launin ƙasa iri ɗaya ko'ina, in sa auduga mai ɗan ruwa in goga, launin ya biyo auduga, to an shafa masa ruwan shayi ko man takalmi.

Daga nan sai zanen, kuma a nan za ki iya yi wa kanki rabin aikin. Ki samo gilashin ƙara girma, ko ki ja kyamarar waya kusa, ki fita inda hasken rana yake. Zanen hannu yana nuna inda buroshi ya sauka da nauyi da inda ya ɗaga, shuɗin na yin duhu a wani wuri ya yi haske a wani, kuma ba za ki sami furanni biyu da suka zo daidai da juna ba. Bugun inji kuwa ɗigo-ɗigo ne ko siraran layuka a jere, furen nan shi ne wancan, kuma in kika bi adon bakin farantin za ki tarar da inda ya yanke bai haɗu daidai ba. In bugu ne, magana ta ƙare: ba na Ming ba ne, wataƙila ma ba na Sin ba ne.

Abin da ya fi wuyar koyarwa a rubuce shi ne saurin hannu. Mai zane na zamanin da yana zana fure iri ɗaya tun yana yaro har ya tsufa, don haka layinsa a sake yake, ba ya tsayawa tunani. Mai kwaikwayo yana kallon hoto yana bi, layinsa a ɗarare, ya yi kyau fiye da kima amma ba rai. Na sha riƙe jabun da komai nasa daidai ne a takarda, siffa da tambari da launi, amma ganyen da ke jiki kamar an tilasta masa tsayuwa. Wannan ido ba ya samuwa sai mutum ya taɓa na gaske da yawa.

Sai karce. Farantin da aka ci abinci a kai shekara ɗari yana da karce ta kowace fuska, wasu masu zurfi wasu sama-sama, sun fi yawa a tsakiya. Wanda aka goga da sanfefa karcensa na bin hanya guda. Wanda aka jiƙa a asid don a kashe masa ƙyalli yakan yi dishi-dishi ko'ina, har cikin lungunan da hannu ba ya kaiwa. Ki ɗora shi a kan yatsu ki ɗan ƙwanƙwasa bakinsa da farce: lafiyayye yana amo mai tsawo, mai tsaga amonsa a mace yake. Fitilar nan mai shuɗin haske da ake duba jabun kuɗi da ita tana tona gyara, don wurin da aka liƙa aka yi wa fenti yana haskawa daban. In kuwa kika ga an ɗinke tsaga da ƙananan ƙarafa, kamar yadda ake ɗinke ƙwarya, wannan tsohon gyara ne, yana rage kuɗi amma yana nuna wani ya daraja farantin tun da.

Tsufar da kaya da gangan ba sabon abu ba ne. Wani limamin Kirista ɗan Faransa, d'Entrecolles, da ya zauna a yankin Jingdezhen ya rubuta wasiƙa a 1712 yana ba da labarin yadda ake dafa sabon tangaran a cikin romo mai kitse, a binne shi a kwata wata guda ko fiye, a fito da shi a matsayin tsohon kaya. Jikokin waɗannan magina suna nan, kuma sun fi kakanninsu kayan aiki. Akwai gwajin da ake yi a ɗakin bincike, mafi shahara a yankin Oxford ta Ingila, da ke auna tsawon lokacin da ya wuce tun da wuta ta taɓa yumɓun. Sai an huda gindin an ciri kaɗan, yana da tsada, kuma kintace yake bayarwa mai faɗi, ba shekara takamaimai ba. Gwanayen jabu ma sun san shi: sukan ɗauki gindin tsohon kwano da ya fashe su gina sabon jiki a kansa. Ba na ba ki shawarar wannan gwaji sai wani masani ya riƙe farantin ya ce ya cancanta.

Ni dai daga bayaninki, babban faranti mai furanni da tambarin Chenghua da aka sayo a Hijaz wajen 1950, zatona ya fi karkata ga ƙarshen ƙarni na 19 ko farkon na 20. Yana iya zama na Kangxi, wanda zai fi haka daraja sosai. Zato ne kawai. Ban gan shi ba, ko hoto ma ba ya nuna nauyi da laushin gilashi, kuma ba a cinikin biri a sama.

Batun sayarwa

Kafin komai, in ba a raba gado ba farantin na magada ne duka, a sanar da kowa tayin da aka yi. Na ga zumunci ya lalace a kan abin da bai kai wannan ba.

Labaran da ke ruɗa mutane gaskiya ne. A 2014 an sayar da wani ɗan ƙaramin kofi na Chenghua mai zanen kaji a gwanjon Sotheby's na Hong Kong a kan dala miliyan 36. A 2021 wani kwano da aka saya dala 35 a ƙofar wani gida a jihar Connecticut ta Amurka ya tashi sama da dala dubu 700 a New York, don ya tabbata na farkon ƙarni na 15 ne. Ana ba da labarinsu ne saboda ba sa faruwa kullum. Akasarin tsohon tangaran ɗin Sin na gaske, wanda ba na fada ba, kuɗinsa daga dala gomomi ne zuwa 'yan ɗaruruwa, kuma tsaga guda siririya tana iya zubar da rabin kuɗin ko fiye.

Tayin dillalin nan bai gaya miki komai ba. Ko ya ga wani abu, ko shi ma tambarin ne ya ɗauke masa hankali. Kada ki ba shi farantin ya tafi da shi "a nuna wa wani". Manyan kamfanonin gwanjo irin su Christie's da Sotheby's da Bonhams suna karɓar hotuna ta shafukansu su ba da kintace kyauta. In suka yi shiru ko suka ce bai dace da gwanjonsu ba, wannan ma amsa ce. Wanda duk ya rubuto ya ce farantinki na miliyoyi ne amma sai kin fara biyan kuɗin takardar shaida ko na rajista, ɗan damfara ne. Ki kuma rubuta tarihin farantin yanzu, tun waɗanda suka san tafiyar kaka suna raye: shekarar, hanyar da suka bi, tsohon hoton ɗakinta in akwai. A kasuwar yau, da jabu ya yi yawa, shaidar cewa abu yana gida ɗaya tun 1950 da wani abu kuɗi ce.

In kina son fara tarawa

Shawarata ki manta da kayan fada. Ki zaɓi fanni guda ƙarami ki san shi ciki da waje. Ga mai farawa ban ga kamar kayan jiragen ruwa da suka nitse ba, don an san shekararsu. Jirgin Holan mai suna Geldermalsen ya nitse a 1752, aka yi gwanjon kayansa fiye da dubu 100 a Amsterdam a 1986. Jirgin Sin mai suna Tek Sing ya nitse a 1822 a ruwan Indunusiya, aka tsamo tangaran wajen dubu 350, aka sayar a Stuttgart ta Jamus a 2000. Kwanukan Tek Sing na talakawa ne, har yau suna yawo a hannun dillalai da sauƙin kuɗi, kuma kwano guda a hannunki zai koya miki yadda yumɓu da shuɗin 1820 suke fiye da hotuna dubu. Ki lura dai, 'yar takardar gwanjon da ke manne a gindinsu ita ma ana buga jabunta. Fasassun guntaye ma abin saye ne, don a karaya ake ganin cikin yumɓu da kaurin gilashi.

Abin da zan hana ki shi ne aiken ƙanen mijinki ya sayo miki tsohon kaya a Guangzhou. Dokar Sin ta hana fitar da kayan tarihi da aka yi kafin 1911. Ke nan abin da aka shimfiɗa a kasuwa ana cewa na Ming ne, ko sabo ne, wanda shi ne kusan kullum, ko kuma na gaske ne a kama shi da shi a filin jirgi. Banza ba ta kai zomo kasuwa. In sabon tangaran mai kyau kike so, Jingdezhen na yin sa har gobe, a saye shi da sunan sabo a kuɗin sabo, ba laifi. Tsohon kaya na halal ya fi samuwa a Turai, inda aka jibge shi da jirage tsawon ƙarni uku.

Sauran kayan ado na Sin, irin su battocin asara, da kwanukan tagulla masu adon gilashi, da sassaƙen dutse, idona bai kai a kansu yadda ya kai a tangaran ba, don haka ba zan yi miki dogon bayani ba. Abu biyu kawai. Kaskon turare na tagulla mai tambarin Xuande, har da masu rubutun Larabci da ke jan hankalin mutanenmu, kusan dukkansu an yi su ne bayan zamaninsa. Sannan duk abin da aka yi da hauren giwa ko ƙahon karkanda ki bar shi, ko tsoho ne, don tsallaka iyaka da shi na iya kai mutum kurkuku.

Shi kuwa farantin kaka, kada a sa masa bilic ko soson ƙarfe. A shimfiɗa tawul a cikin robar wanki, ruwa mai ɗumi kaɗan da ɗan sabulu, a riƙe shi da hannu biyu ta ƙasa, ba ta baki ba. In yana da tsaga ko gyara kada a jiƙa shi, a goge kawai. Kada a rataye shi da wayar ƙarfe mai matse baki. Hotunan da za ki aika wa masu kintace kuwa a ɗauke su da rana a inuwa, ba filasha: gaba ɗayansa, bayansa gaba ɗaya, tambarin daga kusa, zoben gindin daga gefe, wani yanki na zanen daga kusa sosai, da duk inda ya tsage ko ya ɓantare. Ki auna faɗinsa da tef ɗin tela ki rubuta da santimita.